Lariya Gausu da Injinan da Suka Ƙi Mantawa

Kafin mai koko ta gama jera kofuna a bakin hanyar Aboabo a Kumasi, Lariya Gausu ta riga ta buɗe kwantenarta. Shuɗiya ce, a matse tsakanin mai gyaran fanka da mai ɗinkin mayafi, ba allo ba suna. Takan ajiye koko da ƙosai a gefe, ta kunna kwamfuta, ta duba ko shafin sanarwar ƙungiyar unguwa yana aiki. Sai ta tabbata lafiyarsa ƙalau take tunawa da kokon, a lokacin kuwa ya huce ya daskare. Haka take sha, tana mita, kamar wani ne ya sa ta.

Shafin nan duk mun san shi. Nan muke ganin wa ya rasu, yaushe za a yi jana'iza, ina za a yi addu'ar bakwai, gidan wa ake suna. 'Yan uwanmu na Akara da Tamale da na Turai duk nan suke leƙawa kafin su kira gida. Amma ka tsayar da mutum ka tambaye shi wa ke riƙe da shafin, sai ya ce maka, "Ai intanet ne." To madalla! Intanet ɗin ne ke tasowa da sassafe ya buɗe kwantena? Intanet ɗin ne, ranar da aka ɗauke wuta unguwa duka, masu faragiya, keken haya mai ƙafa uku, suka gani rungume da kwamfuta yana neman shagon da ke da janareta har Bantama? Lariya ce. A watan nan za ta miƙa aikin ga waɗanda ta koya wa, ta koma Kwadaso wajen iyalinta, idanunta ma sun gaji da hasken gilashi. Bai kamata ta tafi ba a faɗi komai ba.

Shekarun farko shafin yana da ciwo guda. Duk ranar da babban mutum ya rasu, sai ya faɗi. Kowa ya ɗauko waya lokaci ɗaya, kowa yana tambayar abu ɗaya, injin da ke riƙe da bayanai ya rasa wa zai amsa wa, ya yi shiru. Wato ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da yake suma. Lariya ta sha zagi a kan haka, daga mutanen da ba su ma san ita suke zagi ba.

Maganin da ta samo shi ne abin da 'yan sana'arsu ke kira kesh. Ta yi hayar ƙananan injina a wata ƙasa, ta haɗa su da shafin, kowanne yana riƙe da kwafin sanarwa a ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya buɗe shafi, ɗaya daga cikinsu ne zai amsa masa nan take, ba sai an je an tayar da babban rumbu ba. In an canza sanarwa kuma, ana aika musu saƙo su zubar da tsohuwa su ɗauki sabuwa.

Ta yi ƙoƙarin bayyana wa Baba Bawah, magatakardan ƙungiya, dattijon da shi ke rubuta sanarwar tun ana liƙa ta a bangon masallaci.

"Baba, kamar mai wake da shinkafa ne. Maimakon ta koma tukunya duk wanda ya zo, sai ta ƙunsa a ganye ta jera. Ka zo, ta miƙa maka."

"To ina ganyen yake?"

"A Jamus, Baba."

"Mutuwar Aboabo ce za ta je Jamus ta dawo kafin maƙwabci ya ji?"

"Ba ta zuwa ko'ina, Baba. Tana can kuma tana nan."

Baba Bawah ya dube ta ta saman tabarau, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tashi. Ba mu ga laifinsa ba, don yawancinmu har yau a nan fahimtarmu ta tsaya.

Abin ya yi aiki kuwa. Shafi ya daina faɗuwa. Sai dai akwai wata 'yar ƙofa da Lariya ta bari. Sabon tsarin yana da wurin rubuta sanarwa na zamani, wanda shi ke aika wa injina saƙon su manta da tsohon kwafi. Baba Bawah kuwa tsohon wurin ya iya, wanda ya sha wuya kafin yatsunsa su saba da shi. Ta yaya 'yar da aka yi sunanta a gabansa za ta ce masa ya koma ɗalibi? Kunya ta hana ta. Ta bar masa tsohuwar ƙofarsa, ta ce a ranta za ta gyara daga baya. Sabuwar sanarwa in ya rubuta tana fita lafiya, don injina ba su da tsohon kwafinta, sai ta ɗauka komai daidai ne. Ba ta lura ba cewa in ya koma ya canza abin da ya riga ya fita, ba wanda ke gaya wa injinan.

Ranar da abin ya fashe, damina ce. Mma Nasira mai ƙuli-ƙuli ta rasu da safe. Ɗa ɗaya gare ta, Sulemana, direban babbar mota, yana hanyar dawowa daga arewa da lodin doya. An kira shi ya ji, aka ce jana'iza sai bayan La'asar don a jira shi, ya riƙa duba shafi. Baba Bawah ya rubuta haka. Da hantsi ya ɗaga, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Masu haƙa kabari suka aiko cewa in aka kai La'asar ruwa zai cika ramin. Alhaji Mahamadu, ƙanin marigayiya, ya ce a dawo da salla bayan Azahar. Ya kira Sulemana, waya ba ta shiga ba, ya ce ai zai gani a shafi. Baba Bawah ya bi ta tsohuwar ƙofarsa ya canza.

Lariya tana zaune sai ga mai ɗinkin mayafi da waya a hannu.

"Anti Lariya, Azahar ne ko La'asar?"

"Me shafi ya ce?"

"Tawa ta ce La'asar. Ta mijina ta ce Azahar."

"Ba zai yiwu ba."

Mai gyaran fanka ya leƙo ya ce tasa ɗazu Azahar ta ce, yanzu kuma ta koma La'asar. Lariya ta buɗe a kwamfutarta: Azahar. Ta sake buɗewa: La'asar. Ta sake: La'asar. Ta sake: Azahar. Innalillahi! Kanta ya ɗaure tamau. Ta fara zargin kamfanin waya, ta koma zargin wani ya yi musu kutse, har ta kashe kwamfutar ta kunna, abin da ita kanta take yi wa mutane dariya in sun yi. Ta leƙa babban rumbu, ta ga Azahar zaune lafiya. To La'asar ɗin daga ina take fitowa? Mai mayafi tana tsaye a kanta tana cewa, "Ei, ni dai faɗa mini wanne zan gaya wa mata," ita kuwa tana ta danne-danne, don ita ma ba ta sani ba.

Sai da ta bi injinan ɗaya bayan ɗaya ta gane. Ɗaya kwafinsa ya tsufa da kansa, ya je rumbu ya ɗauko sabo. Sauran suna nan riƙe da maganar safe, ba wanda ya ce musu su saki. Wanda Allah ya haɗa da wannan ya ga Azahar, wanda ya faɗa wa wancan ya ga La'asar. Ta goge ƙwaƙwalwarsu duka, shafi ya daidaita nan da nan. Har ta fara sauke numfashi, sai ta tuna: Sulemana wanne ya gani?

Ta nemo lambarsa a wajen mai fanka, ta yi ta kira har ta shiga.

"Sulemana, Lariya ce ta shafin ƙungiya. Kana ina?"

"Ina Taciman, Anti. Na ga La'asar ne, shi ya sa na tsaya sauke kaya, in ba yarona motar in hau ƙarama."

"An dawo da ita Azahar."

Ya ce, "Na duba, Anti. Wallahi na duba har sau nawa."

"Na sani. Ba kai ba ne. Bar kayan, hau duk abin da ka samu."

Daga Taciman zuwa Kumasi ba tafiyar da za a yi kafin Azahar ba ce, kowa ya sani. Lariya ta rufe kwantena, ta tafi gidan rasuwa. Ba ta shiga wajen mata ba. Ta nufi rumfar maza kai tsaye, abin da ba a saba gani ba, ta durƙusa gaban Liman da Alhaji Mahamadu, ta ce a yi wa Allah a jinkirta.

"Ba a sa a shafi ba ne?" in ji Alhaji.

"An sa, Alhaji."

"To bai duba ba?"

"Ya duba."

"An sa, ya duba, kuma bai gani ba?"

"Ya ga na safe. Injin da ya amsa masa bai san an canza ba."

"Inji nawa ne wai? Wane ne ya yi ƙarya a cikinsu?"

Baba Bawah yana gefe, yana rantsuwa shi da hannunsa ya rubuta Azahar. Da Lariya ta faɗi kalma ɗaya game da tsohuwar ƙofa, da duk rumfar ta juyo kansa. Ba ta faɗa ba. Ta ce, "Baba ya rubuta daidai. Aikina ne ban ƙarasa ba. Ni na sa yaron nan ya tsaya a hanya."

Liman bai gane injinan ba, shi ma ya faɗa da bakinsa. Abin da ya gane shi ne ɗa yana hanya kuma ba laifinsa ba ne. Ya ce za a yi Azahar, a zauna a jira iyakar abin da sama ta bari. Aka jira. Mutane suna duban hanya suna duban hadari, wasu suna gunaguni cewa ba a ajiye gawa don mai rai. Lariya tana tsaye a bakin lungu da waya a kunne, tana ce wa Sulemana kada ya biyo ta unguwa, ya sauka ya hau okada ya wuce maƙabarta. Da yayyafi ya fara ƙarfi, Liman ya miƙe. Aka yi sahu, aka sallaci Mma Nasira babu ɗanta.

A bakin kabari Sulemana ya same su, jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya. Waɗanda suka je sun ce an riga an kwance makara. Alhaji Mahamadu da ya shiga ramin ya fito, ya ba shi wuri.

Bayan addu'ar uku Lariya ta je gidan Baba Bawah, ta gaya masa gaskiyar abin da ya faru, su biyu kawai. Sannan ta zauna ta haɗa tsohuwar ƙofar da injinan, yadda duk harafin da ya taɓa sai sun ji. Fuskar wurin ba ta canza masa ko ɗigo ba, har yau da shi yake aiki. Ta kuma sa lokacin jana'iza ya zama abin da injina ba sa riƙewa sai ɗan ƙanƙanin lokaci, domin wanda ya tsara kesh bai san cewa a Zango, unguwa irin tamu, lokacin salla yana iya canzawa saboda hadari, ko saboda wani kawu ya iso ya ce a'a. Tun daga ranar ba a sake ganin waya biyu suna musu da juna ba.

Lariya, ke ce mai aikin da ba a gani sai ya lalace. Ke ce kika shiga rumfar maza da laifi a bakinki, alhali in kin yi shiru ba mai iya kama ki, don ba wanda ya san inda zai duba. Mu da ke danna waya muna tsaki in ta yi jinkiri, har yau ba mu san me ke Jamus me ke Aboabo ba, kuma mun haƙura da sani. Mun gode, 'yar Gausu. Allah ya huta da idanunki, ya sa abin da kika yi wa matattunmu da masu ransu ya tarar da ke.

Ku kuma matasan da za ku karɓi shafin, da duk mai riƙe da wani abu na jama'a da shi kaɗai ya san cikinsa: in ya ɓaci a hannunku, ku tashi ku je ku faɗa tun ana iya yin wani abu, kamar yadda ta yi.

Duk tsawon lokacin nan Sulemana bai taɓa yi mata maganar ranar ba, ita ma ba ta san ko ya yafe ko bai yafe ba. In sun haɗu sai gaisuwa, ta wuce. Da ya ji za ta tashi, ya zo kwantenar ran Juma'a, ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa. Ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Anti, salla ta wuce ni, kuma har yau abin yana cina. Ba zan ce miki ba ya cina ba. Amma da ba ki kira ba, da tulin ƙasa zan tarar. Ni na karɓi Mma a cikin ramin. Da hannuna na juya fuskarta gabas."