Idon rimot ɗin Yaya

Shekarar da gyaɗa ta yi wa yayana kyau a Kurugu, sai ya sayo talabijin da sola. Daga ranar ya zama injiniya. Mutumin da ko batirin tocila sai ya juya sau biyu kafin ya dace! Rimot ɗin kuwa ya naɗe shi da leda, ya bi da baƙin salatif, yana yawo da shi a aljihun gaba kamar katin zaɓe. Ya gaya wa yaran gidan duk wanda ya taɓa, wuta za ta ja shi.

Ina koyar da 'yan aji biyu a Rogo. Da aka yi hutu na je gidansa da 'yata mai shekara shida. Kwana biyu da zuwanmu, na dawo daga gaishe da maƙwabta na tarar da ita a bayan rumbu, shatin yatsu a kumatunta. Wai rimot ya daina aiki, kuma ita ce ta ɗauko shi daga kan tabarma ta miƙa wa Yaya. Laifin ke nan fa. Har ya laƙaba mata suna, mai hannun ɓarna, yara sun fara rera mata.

Raina ya ɓaci matuƙa. Wa zai yi gardama da injiniya? Bayan la'asar na tara yaran a gaban talabijin ɗin, na ce, "Yaya, ara mini abin nan in yi musu darasi." Ya miƙo yana taɓe baki, tunda a wajensa ai ya mutu.

Na ce musu rimot ba ya jan kowa. Wani ɗan ƙwan fitila ne a goshinsa, in an danna sai ya ƙyafta wa talabijin haske. Idonmu ba ya ganin hasken, amma kyamarar waya tana gani. Na buɗe kyamarar wayata, na saita goshin rimot, na danna. Ba komai.

Na ce, "To, me ya hana hasken fitowa?"

'Yata, hannuwanta a ɓoye a baya, ta nuna da haɓa. "Umma, an rufe masa ido."

Ashe da safe ledar ta yage, gwanin ya ƙara salatif, ya lafta shi daidai kan ƙwan. Na ɓare, na danna. Haske ya yi ƙyal-ƙyal a wayar, talabijin ya kama, yara suka ɗauki ihu.

Yaya ya fizge abinsa. "Ai dama na san salatif ɗin ne."

Ji fa! Wallahi ban taɓa raina babba kamar ranar ba.

'Yata ta matsa kusa da shi. "Kawu, to me ya sa ka mare ni?"

Bai ko dube ta ba. Ya saita rimot ɗin, ya ƙara wa talabijin murya.