Wa'adin Yaya Wongso da Sarinten

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Janairun 1932, a farkon azumi, Allah Ya karɓi ran Yaya Wongsokarto a gonar taba ta Turawan Holan da ke nan Deli, a tsibirin Sumatra. Zazzaɓin kwana huɗu ne ajalinsa. Saura kwana tara jirgin ruwan da zai mayar da shi gida tsibirin Jawa ya tashi.

Yaya Wongso, ni ne ƙanenka Sakiman, wanda ka tsinta a rumfar shanya taba ina kuka kamar ba namiji ba. Kai ka koya mini tsince tsutsa daga ganye ba tare da na yaga shi ba. Ran da na karya shuka goma sha biyu, helma ya taho da sanda, ka sha gabansa ka ce aikinka ne. Da na zo gasa maka bayan, dariya ka yi ka ce, "Kai dai raggo ne, Sakiman. Da kai aka taɓa, da yanzu muna haƙa rami." Rabin busasshen kifinka kuwa a cikina ya ƙare, har yau ina jin kunyar wannan.

Kowa a nan ya san abin da ya tsare ka. Duk wanda ya dangwala yatsa a takardar kamfani, shekara uku ba shi da ikon tsallake iyakar gona. In ya gudu a kamo shi a ɗaure. In wa'adi ya cika, ko ya sake dangwalawa, ko a sa shi a jirgi a makon. Ba a zama a gona ba takarda. To kai da matarka Sarinten a nan kuka haɗu, kuma wa'adinka ya riga nata cika da shekara guda. Ka roƙi Bature ya bar ka ka jira ta shekarar kawai, ya ce takarda ba ta san shekara guda ba. Ka dangwala ta shekara uku. Da nata ya cika, saura maka biyu, ita ma ta dangwala uku. Haka kuka yi ta jiran juna shekara ashirin da bakwai.

Wallahi na sha yi maka faɗa. Na ce ka tafi mana, ta same ka can. Ka ce, "In sauka a garinmu ni kaɗai, in ce da uwata me? Na baro 'yar mutane a hannun helma?" Uwar taka ta rasu ba ka sani ba, sai bayan damina biyu wasiƙa ta iso.

Duniya ta yi ta juyawa kana bayan shinge. Aka kawo mota, aka buɗe majigi a birnin Medan, aka kafa ƙungiyar 'yan kasuwa Musulmi har ta cika ƙasar Jawa, kai dai labari kake ji a bakin sababbin lebura. Bara da aka ce Amurka ta ƙi sayen tabar da aka noma da tilas, kamfani ya soke ɗaurin takardar, ya ce mai son tafiya gida ya tafi, ba ka yarda ba sai da aka karanta maka takardar sau uku. Ka saya wa Sarinten zane sabo, ka ɗaure akwatinka tun saura wata guda, muna ta tsokanarka.

Jiya na je in ɗaukar mata akwatin, na ce Yaya Sarinten, jirgi jibi ne. Ta nuna mini babban yatsanta, da tawada a jiki. Ba wanda ya tilasta mata, da ƙafarta ta je ofis ta dangwala sabuwar takarda. Ta ce, "Sakiman, wannan karon ma shi ya riga ni dangwalawa. Zan jira." Na kwance igiyar akwatin na fito.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Wongsokarto, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, shi da ya rayu a ƙuntace. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Sarinten, da duk wanda ya rage cikin danginsa a Jawa, in akwai mai tuna shi. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya sada su a gidan da ba a yanka wa kowa wa'adi. Amin.