Ranar da Umara Ya Ƙi Kwance Rumfa

Duk wanda ya aurar da 'ya ko ya binne uba a Shehuri, nan Maiduguri, cikin shekarun nan, ya zauna ƙarƙashin inuwar Umara, ko ya sani ko bai sani ba. Yawanci ma ba a sani ba. Wa ke ɗaga kai ya tambayi wanda ya kafa rumfa? Idon jama'a yana kan shinkafa. Ni da nake girkin taro tun kafin a haifi yawancin masu cin, na san shi, domin ni da shi muke riga kowa zuwa, mu ne kuma na ƙarshen tashi, ni da tukwanena, shi da ƙarafunansa.

Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta sauka saboda ɗaukar ƙarfe, kullum da sifanar ɗaure noti a aljihun gaba kamar yadda malamai ke saƙala alƙalami. Jikan ƙawata ne, saboda haka mijina ne na wasa. Na sha gaya masa ko kyauta aka ba ni shi sai na mayar. Shi kuma ya ce, “Kaka, ni ma tukunyarki na fi so. Ita dai tana da murfi.”

Tun yana saurayi yake aiki a shagon Alhaji Habib mai hayar rumfuna da kujerun roba. Alhaji, Allah ya jiƙansa, marowaci ne na ajin farko. Ganyen shayi sai ya koma fari kafin ya yarda a zubar. Amma yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba: rumfar makoki ba a taɓa ta sai masu gida da bakinsu sun ce a kwance. Ko bikin wa za a yi, ya jira ko ya nemi bishiya. A kan wannan Umara ya tashi.

Sai yaran nan masu bindiga suka tayar da fitinarsu. Biki ya ragu, makoki ya yawaita, har ya zamana rumfa ba ta kwana a shago. Ana cikin haka Alhaji ya rasu a kan gadonsa, abin da a lokacin gata ne babba. Ɗansa Abdulwahab ya gaji shagon, ranar farko kuma ya ce kada wanda ya sake kiransa da sunansa, sai dai Manaja.

Manaja! Hannu cike da wayoyi, amma idan ana nemansa babu wadda ke shiga. Zai karɓi aikin gida biyu a rana ɗaya da rumfa ɗaya, ya kashe waya, ya bar Umara a tsakiyar titi yana shan zagi daga dangin amarya. Da safe ya ce a kai kaya Gwange, an gama lodi ya ce ai Bulumkutu ya ce, kunnen ma'aikata ne ya toshe. Ƙarafuna sun lanƙwashe, tamfol ya yage har yara na leƙen sama ta ciki, a gaya masa ya ce a lallaɓa. Ya ɗauko abokan hirarsa biyu ya naɗa su masu sa ido, mutanen da ko kujerar roba ba su taɓa ɗagawa ba sai dai su zauna a kanta. Sau tari sai dokar hana fita ta kusa yake tuna akwai kaya a waje, ya kora ma'aikata su je su yi ta roƙon soja a shinge, shi yana gida gaban fanka. In aiki ya yi kyau, dabararsa ce. In ya ɓaci, Umara ne.

Ba sau ɗaya ba Umara ya same ni gindin murhu ya ce, “Kaka, zan bar aikin nan.”

Ni kuma in ce, “Ka bari ka ci me, maigida? Acaɓa an hana, gona ba ta shiguwa, hanyar kifi a rufe. Ko gidana za ka tare in ci da kai? Ka ga ni ba na ajiye miji marar sana'a.”

Sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ɗauki ƙarfensa. Ya san abin da ke gidansa. Da aka kori mutanen Bama, dangin matarsa Mu'mina suka shigo gari a ƙafa: mahaifinta Ba'ana, da matar wanta, da 'ya'ya kamar an zubo su daga buhu. Ɗakuna suka cika, aka ɗaura tamfol ɗin 'yan agaji a tsakar gida, tsohon ya koma ƙarƙashinsa. Duk bakin nan aikin rumfa ke ci da su. Duk ranar da Umara ya shigo yana huci yana cewa ya gaji, Mu'mina ba ta musu da shi. Tukunya kawai take buɗe masa ya gani.

Abin da ya sa aikin ke jurewa shi ne Pindar, direban shagon, ɗan ƙabilar Babur ne daga wajen Biu, dogo mai dariya kamar ana buga ganga. Shi ke kiran Umara Malam Noti. In an tsaya salla yana gadin kaya, in Lahadi ta zo Umara ke rufa masa asiri wajen Manaja. Pindar ya gaya wa Manaja, a gabana ma ya taɓa faɗa, cewa motar nan tana zafi tana mutuwa a hanya, a kai ta gareji. Manaja ya ce, “Mota ba ta san gareji ba sai da kuka zo. A lallaɓa.”

Da wannan motar ya tura shi bayan gari ɗauko kujeru, a cikin ayarin da soja ke rakawa. Motar ta mutu a daji. Ayari ba ya tsayawa don mota ɗaya. Sauran ba sai na rubuta ba. Duk ɗan Maiduguri ya san yadda irin labarin nan yake ƙarewa. Kashegari aka kawo gawarsa.

Umara da kansa ya ɗauki rumfuna mafiya kyau a shagon ya kafa a ƙofar gidan Pindar a Wulari. Manaja bai taka ƙafarsa ba. Saƙon waya ya aiko wa Agnes, matar mamacin, har da kuskuren sunan mijin. Binnewa kuma ta jinkirta, domin iyayen Pindar suna can kudu suna jiran ranar da ayari zai taso. Mutane suka yi ta zama, mutanen cocinsu da maƙwabta da mu masu tukunya, a cikin zafin nan na bazara da ke narka takalmi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi na biya gidan Umara don ya ɗaukar mini babbar tukunya zuwa Wulari. Ina tsaye wayarsa ta yi ƙara. Irin wayar nan ce da in ana magana har maƙwabta sai sun sa baki, don haka kowa ya ji Manaja.

“Kana ina? Je ka Wulari yanzu ka kwance rumfunan nan. Akwai ɗaurin auren ɗan wani ɗan kwangila gobe, na riga na yi alkawari.”

“Manaja, ba a binne shi ba.”

“To ni na hana? Sun sha inuwa ta ishe su. Kyauta ce fa.”

“Alhaji bai taɓa…”

“Alhaji yana kabari. In ba za ka iya ba, ajiye mini sifanata, masu neman aiki sun cika gari.”

Ya kashe. Ni dai bakina ya cika fal, amma na haɗiye, domin ba ni zan ci da gidan ba.

Mu'mina ce ta fara magana, a hankali. “Ka je ka kwance. Pindar ya tafi, Allah ya ba Agnes haƙuri. Waɗannan kuwa suna nan, kuma anjima za su ce yunwa.” Kada kowa ya zarge ta. Wadda ke raba tuwo ita ta san inda cokali ke tsayawa.

Sai muka ji murya daga ƙarƙashin tamfol. Ba'ana ne, mutumin da tun zuwansa in ban da sallama da addu'a ba a jin bakinsa. Da Kanuri ya yi maganar, ga ta da Hausa.

“Umara, a bakin hanya na bar ɗana. Ko ƙasa ban zuba masa ba. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zo ya ce mini sannu, gudu muke yi. Waccan matar ta samu an zauna mata. Idan tuwon gidan nan sai an yaye inuwa daga kan masu kuka za a tuƙa shi, to a daina zuba mini.”

Ɗan da yake faɗa wan Mu'mina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta juya ta shige ɗaki.

Muka hau keke mai ƙafa uku ni da shi da tukunya. Har muka isa hannunsa na kan aljihun sifana. Na tsokane shi, na ce, “Maigida, yau ko kallona ba ka yi, ko ka samu wata ce?” Ko murmushi. A raina na ce wannan mutumin har yanzu bai yanke ba.

Mun tarar da rumfuna a cike. Mata na rera waƙoƙin coci da yarensu, tsofaffi na gyangyaɗi a kan kujeru, rana kuwa a waje kamar an buɗe bakin tanda. Agnes na zaune a tsakiya kan tabarma. Matar direban shago ce, ta san kan aikin. Tana ganin Umara ya zaro sifana ta gane. Ta yafito shi.

“Malam Noti, an aiko ka ne?”

Ya sunkuyar da kai.

“In an ce ka kwance, kwance. Za mu matsa jikin katanga. Kada ka rasa abincin 'ya'yanka saboda mu. Gida ɗaya ya isa.”

Ya tsaya yana kallon ƙarfen da ke kusa da ita. Sannan ya durƙusa, ya ɗora sifana a kan noti, ya murɗa. Na zuba ido in ga ta ina zai murɗa. Ɗaurewa yake yi.

Ya ce, “Wannan ƙafar ce ta saki, Maman yara. Kada iska ta taso.”

Haka ya bi ƙafafun rumfunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu ƙarfi. Da ya gama ya koma gefe ya kira Manaja, abin mamaki wayar ta shiga. Ya ce, “Ina Wulari. Ba zan kwance ba. Ranar da masu gida suka ce, zan kawo maka kayanka cif, da sifanarka.”

Manaja bai haƙura ba. Bayan azahar ya turo masu sa idon nan nasa biyu da motar haya. Suka tarar da ni a bakin layi da muciya a hannu. Allah shaida ban daki kowa ba. Tambayarsu kawai na yi, da muryar da nake kiran masu ɗebo ruwa: kai ba ɗan Bintu mai ƙosai ba ne? Kai kuma ba ni na yi girkin sunanka ba? Me kuka zo ɗauka a gidan mutuwa? Duk rumfa ta juyo tana kallonsu. Sai ga su sun tuɓe takalma sun yi gaisuwar ta'aziyya, har da cin shinkafata, marasa kunya, suka koma da mota babu komai.

Da iyayen Pindar suka iso aka binne shi, baƙi suka watse, Agnes ta ce a kwance. Umara ya kwance, ya naɗe, ya kai shago, ya ɗora sifana a kan teburin Manaja. Manaja ya ce, “Za ka dawo kana roƙo.”

Bai dawo ba, amma kada wani ya ɗauka an yi masa guɗa. Kurar ruwa ya koma turawa, mutum mai furfura a gemu yana tsere da samari a bakin famfo. Gidan ya sha wuya. Akwai lokacin da sau ɗaya ake ɗora tukunya, Mu'mina kuma ta daɗe tana ajiye masa kwano ba tare da ta dube shi ba. Manaja kuwa yana nan da ransa da lafiyarsa, ya yi ƙiba, ya sayi sabuwar mota, ta hawa, ba ta kaya ba. Har yau yana karɓar aikin gida biyu da rumfa ɗaya. In na gan shi a wajen biki ana ba shi kujerar gaba, sai in ji kamar in juye masa miya a babbar riga, sai dai ina tausayin miyar.

Yanzu in aka yi rasuwa a layinmu, gidan da ba su da halin haya, Umara ake bugawa ƙofa. Ya ajiye kura, ya kwance tamfol ɗin da ke kan Ba'ana, ya je ya ɗaura shi tsakanin bishiyoyin dogon yaro da igiya. Tsohon kuma ya ja tabarmarsa jikin katanga yana bin inuwa, har sai masu makoki sun ce a kwance.

Rannan na ce masa, “Maigida, ranar tawa ban yarda da wannan mai tambarin 'yan agaji ba. Ka nemo mini rumfa ta mutunci, kuma a miƙe.”

Ya ɗora jarka a kura ya ce, “Kaka, ke ai ko a likkafani kike, sai kin ce ta karkace.”