Turbon da Hamma Ya Ɗaura wa Jif

Ni dai ban taɓa son motar nan ba. Wata tsohuwar ƙaramar jif ce mai ƙofa biyu, wadda babban wana ya tsinto a wajen 'yan gwangwan ya tayar da ita a garejinsa na Tudun Wada. Hamma muke ce masa. Ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi masu kaushi, ranar da babu aiki sai ya fita bayan gari ya yi ta hawan duwatsu da ita, ya dawo buɗu-buɗu yana washe baki. Magidanci guda, da furfura a gemu. Na sha gaya masa ya girma ya bar wasan yara.

Sai Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Mahaifinmu direban babbar mota ne tun yana saurayi, ya kai shanu da wake kudu har ya gaji, kuma shi ya koya wa Hamma riƙon sifana. Ciwon ya ɗauke masa hannun hagu da ƙafar hagu, ya bar masa ɓarin dama, ya kuma bar masa bakinsa, wanda tun asali ba mai sanyi ba ne. Da ya ɗan farfaɗo, abu ɗaya ya ƙwallafa a ransa: a kai shi ya ga yayarsa. Goggo tana ƙauyen da aka haife su, a kan dutse, kudu da Gombe. Ta makance, ta daina tashi, babu mai zancen saukowa da ita. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Hanyar kuwa babur ne kawai yake hawa, shi ma sai an sauka an tura a wasu wuraren, Baba kuma ba ya iya zama a kan babur.

Ranar ce na fara kallon jif ɗin da mutunci. Hamma ya je ya gwada hanyar shi kaɗai, ya dawo fuska a murtuke. Ya ce motar tana hawa, amma sai an kwaso da gudu tana tsalle tana dukan duwatsu, jikin Baba ba zai ɗauki wannan jijjigar ba. In kuma aka lallaɓa a hankali, injin ƙarami ne, numfashinsa yana ƙarewa a tsakiyar hawa. Ya ce zai sa mata turbo.

Ban san mene ne ba sai da ya kawo shi gida a cikin buhu. Wani ƙarfe ne a naɗe kamar katantanwa, da ya ciro daga motar da ta yi hatsari. Ya nuna mini 'yar farfelar da ke ciki. Hayaƙin da ke fita ta salansa ne yake juya ta, ita kuma ta riƙa cusa iska cikin inji, injin ya ƙara ƙarfi. Damina guda ya yi yana fama, yanka bututu, walda, kwancewa, sake ɗaurawa, hannayensa duk ƙuna. Ranar da ya shigo da motar gidan Baba tana wani siririn fito, har ni sai da na yi guɗa. Abin da ya rage shi ne ruwa ya ɗauke, rafin da ke gindin dutsen ya janye.

A tsakar gidan Baba aka ajiye ta, don gidan Hamma ba fili. Nan matsalar ta faro. Ina zuwa daga Pantami kowace safiya in ba Baba magani kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, sai na tarar ya sa an ɗora shi a kujerar direba. Ya ce mota ba ta kwana ta wuni ba a ɗumama ta ba. Kuloci ya fi ƙarfinsa, sitiyari ma haka, amma hannun dama yana murɗa makulli, ƙafar dama tana taka totur. Ya tayar da ita, ya saurara da kunne, fuskarsa ta saki yadda ban gani ba tun kwanciyarsa. Da ya tashi kashewa sai ya yi abin da tsofaffin direbobinmu suke yi: ya ba ta wuta har ƙasa, ya sake, ya kuma ba ta, injin yana tsakiyar kururuwa ya murɗe makulli. A wajensu haka ake kashe mota, don mai ya zauna a kafireta, gobe ta tashi bugu ɗaya.

Hamma yana tsaye a bakin zaure, na ga ya runtse ido. Da muka fita waje ya yi mini bayani. Farfelar nan a kan baƙin mai take juyawa. In aka ba ta wuta aka kashe inji nan take, man ya tsaya, ita kuwa tana ci gaba da gudu a bushe, da zafinta, tana cin kanta. Dole a bar motar a silo, tana aiki a hankali, ta huce tukuna.

"To ka gaya masa mana," na ce.

Ya gwada. Washegari ya durƙusa a gefen ƙofar motar, ya ce, "Baba, wannan sabon ƙarfen wai ya fi son a bar shi a silo kafin a kashe."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka koya wa kashe mota? Kana cikin tsumma nake kashe mota." Ya taka totur har sai da kaji suka watse.

Hamma ya ɗauke motar ya kai gareji, ya ce akwai sauran gyara. Baba ya daina cin abinci. Ko kunu aka kawo sai ya kau da kai, ya ce tunda an mai da shi kayan wanki a bar shi a ƙurya. Motar ta dawo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da Hamma ni zan faɗa wa Baba dalla-dalla, cewa yana kashe abin da zai kai shi wajen 'yar'uwarsa. Ai ni mace ce, in ya zage ni ya huce. Hamma bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Ba za ki faɗa ba. Duk abin da ya sani a duniya, wannan kaɗai ya rage yana yi da kansa. Ki je ki ce masa shi ma ɓarna ce? Turbon zai kai mu. Ina canza mai, ina dubawa. Da yardar Allah zai kai mu."

Haka muka ci gaba. Kullum da safe Baba ya ba ta wuta ya kashe, Hamma ya jira an mai da shi ɗaki ya buɗe bonet yana taɓe-taɓe. Ya nemi wani turbon ya ajiye saboda tsaro, bai samu irinsa ba. Fiton motar ya fara sauyawa, wani ɗan kuka yana shiga ciki. Ni da ban san komai a mota ba ma na ji.

Bayan an fara girbi muka tafi da sassafe. An yi wa Baba aski, ya sa babbar rigarsa, aka tokare shi da matasan kai a gaba, ni ina baya na riƙe kafaɗarsa. Ya sayi turare da zane na Goggo. Muka haye rafi lafiya. Jif ɗin ta kama dutse tana hawa a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya, ba tsalle ba jijjiga, daidai yadda Hamma ya so. Baba har yana nuna mini inda suke kiwon awaki suna yara.

A hawa na ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsayi, kukan ya koma ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe mu ta baya. Motar ta yi sanyi, ta tsaya, ta fara zamewa, Hamma ya danne birki ya ce in sauka in sa dutse a taya. Daga inda muke ana hango kan bishiyoyin kukar ƙauyen.

Samarin garin suka sauko da suka ga hayaƙi. Suka ce za su kawo gadon kara su ɗauki Baba, ba nisa. Na roƙe shi har da kuka. Ya ce shi ba gawa ba ne, ba za a shiga da shi garin ubansa a kan kafaɗu ba, yayarsa tana jin mutane suna cewa a sauke shi nan, a juya shi can. Ya miƙa musu turaren da zanen, ya ce su gaya wa Adda, wato Goggo, zai dawo in an gyara mota. Sannan ya juya ga Hamma.

"Me ya same ta?"

Na buɗe baki. Hamma ya riga ni.

"Aikina ne bai yi kyau ba, Baba."

"Na sani," in ji Baba. "Mota tana zaman lafiyarta ka je ka liƙa mata abin da ba a haife ta da shi ba."

Da baya-baya muka sauko, sannan wata motar itace ta ja mu zuwa gari.  Tun daga ranar Baba bai sake neman makulli ba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda ɗansa ya lalata lafiyayyar mota da karambani, Hamma yana zaune a ƙasa yana zuba wa baƙin shayi. Na ji haushin Baba, na ji haushin Hamma, kuma har yau ban san wanda ya fi ba ni haushi ba.

Hamma yana kan neman wani turbon aka aiko cewa Goggo ta rasu. Shi ya shiga ya faɗa, ina tsaye a bakin ƙofa. Baba ya yi salati, hawaye yana bin ɓarin fuskarsa da ya mutu ba ya ji. Can ya ce, "Da ka bar motar nan yadda take, da ko da tsalle ne na gan ta."

Hamma ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, Baba."

Baba ya juya fuskarsa bango. Ya ƙara wata biyu ko uku a duniya, Hamma ne yake yi masa wanka yana juya shi, kuma ban taɓa jin ya amsa masa wannan roƙon ba.