Kurkunun Baba Saje

A shekarar da aka ba ƙasar nan 'yancin kai aka tura mu wani ƙauye da ke gaba da Geza, dab da iyakar Dahomey, wadda yanzu ake ce wa Benin. Ina amarya a lokacin, maigidana kuwa bai daɗe da gama makarantar koyon aikin bishara ba. Ranar da aka yaye su ya tsaya gaban jama'a ya yi addu'a da ƙarfi, ya ce ya miƙa ransa gaba ɗaya, Ubangiji ya aike shi duk inda ya ga dama. Daga baya ya gaya mini cewa yana addu'ar yana hango Sakkwato a ransa, in ta yi wuya Birnin Kebbi, inda akwai gidan waya da burodi. Sai ga mu mun kwana a Bagudo, gari ya waye muna cikin kwalekwale muna ƙetare Kwara da tabarmi da tukwane da kekensa, ni kuwa na ƙanƙame gefen jirgi ina kiran sunan Allah duk sa'ad da ruwa ya fantsamo mini.

Mutanen ƙauyen Musulmi ne, manoma, ga Fulani a rugage bayan gari. Kiristoci 'yan gidaje ne kaɗan, yawancinsu baƙi da noma ko kamun kifi ya kawo. Majami'armu ɗakin laka ce mai jinka, an jera gumagumen giginya ana zama a kai. Kowa yana ce wa maigidana Malam, har ni ma na bi sahu.

Wanda ya tarye mu a bakin gari wani dogon tsoho ne mai gashin baki, ana ce masa Baba Saje. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, a can ya karɓi bangaskiya, ya dawo da ita tare da lambobin yabo da wata murya da in ya ce "Amin" sai kaji su watse. Muna isowa ya ƙame ya sara wa Malam, ya fizge akwatinmu ya ɗora a ka. Malam ya ce, "Haba Baba, ai kai uba ne, bari in ɗauka." Ya ce, "Malam, ni bawa na. Bawa shi ka ɗaukar kaya." Ya yi gaba, mu muna sassarfa a bayansa.

Haka muka same shi, haka kuma ya ci gaba. Shi ke share majami'a, shi ke buga ƙarfen kiran sujada, shi ke gyara jinkar gwauraye. In ya ji an yi rasuwa, ko a gidan wa, kafin a nemi mai haƙa kabari yana can da magirbi. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, Badandiya ce daga tsallaken iyaka, 'yar guntuwa mai kaifin baki. Takan ce, "Ya yi wa duk garin nan bauta, amma danga ta faɗi a gidansa tun bara."

Wata Lahadi Malam ya yi wa'azi a kan tawali'u. Ya ba da misalin wanda aka gayyata biki, ya ce kada mutum ya je ya zaɓi wurin zaman manya, gara ya nemi na can baya. Wa'azin ya yi daɗi, har ni na ji ana ta gyaɗa kai. Lahadi ta zagayo muka shiga majami'a, sai muka tarar gumagumen gaba fayau, ba kowa. Jama'a duk sun cunkushe a bakin ƙofa suna ture juna, kowa yana neman ya fi ɗan'uwansa zama baya. Baba Saje kuwa ya fi kowa dabara, ya fita waje ɗungum ya zauna a ƙasa kusa da turken akuyar maƙwabta.

Malam ya ce, "Baba, shigo mana."

Daga waje muka ji, "Malam, oda oda ce. Kai kac ce baya."

Malam ya yi ta lallashi, ba wanda ya motsa. Ƙarshenta ya ɗauki ɗan teburinsa ya fito waje ya yi sujadar a ƙarƙashin bishiyar bedi. Yana fitowa Baba Saje ya ga yanzu shi ne a gaba, ya tashi da sauri ya zagaya ta bayan jama'a. Ranar ban rera waƙa ko ɗaya ba, na cusa bakin gyale a baki don kada dariya ta kuɓuce mini a gaban mijina.

Da damina ta kankama, Inna ta riƙa tsokanar mijinta, don mutanensu na Dahomey sun riga mu samun 'yanci. Takan ce, "Ni yanzu 'ya ce, kai kuwa har yau na Ingilishi ne. Ɗebo mini ruwa." Shi kuwa sai ya ɗauki tulu ya tafi, yana cewa ta jira watan Oktoba ta gani. Tun a lokacin ya fara goge lambobinsa da toka, don an ce za a ɗaga sabuwar tuta a garin hakimi, ya kuma rantse sai ya yi maci a gabanta.

Ana cikin noman maimai sai muka ga bai zo buga ƙarfe ba. Malam ya ce in zo mu je mu duba shi. Muka same shi kwance a zaure, ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar turmi, ga wani ƙurji ya fashe a idon sawu, wani abu fari siriri kamar zare ya leƙo. Kurkunu ne. A wancan zamani ruwan tafki muke sha, duk damina sai cutar ta kwantar da mutane. Ba ta da magani sai haƙuri: a wanke wurin, a naɗe kan tsutsar a tsinke, kullum a ɗan murza kaɗan har ta fito duka. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta shiga uku. Inna ga ta da ciwon ido, ba ta ganin zaren sosai, 'ya'yansu kuma duk suna nesa.

Baba Saje yana ganinmu ya yunƙura zai tashi ya ba Malam tabarmar da yake kai. Ya kasa, sai ya sara daga kwance.

Malam ya ce in dafa ruwa. Na dafa na kawo a tasa, ya naɗe hannun rigarsa ya durƙusa. Baba Saje ya janye ƙafar har da ƙara.

"Mi za ka yi, Malam?"

"Zan wanke, in murza maka."

"Wa? Kai? Mai tsayawa gaban jama'ar Allah shi taɓa ƙahwar bawa? Ba a yi ba. Ni ka wanke ƙahwar mutane."

Malam ya tuna masa cewa Almasihu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Baba Saje ya ce ya sani sarai, amma su ba su da kurkunu. Malam ya kawo wannan hujja, ya kawo waccan, duk abin da aka koya masa a makaranta ya zazzage, tsoho yana kwance ya toshe ƙafarsa da bargon soja. Ruwa ya huce, na sake dafawa, ya sake hucewa. Muka koma gida haka nan.

Kwana da kwanaki ana wannan. Aka ce za a yi masa gayya a gona, don ciyawa ta fara cin gero, ya aiko cewa duk wanda ya sa fartanya a gonarsa bai yafe ba. Wata safiya Inna ta kama shi yana jan gindi zai fita da fartanya a wuya, wai zai yi noma a zaune. Ta ƙwace fartanyar ta jefa kan rumbu.

Limamin garin abokin Baba Saje ne tun suna yara, tare aka yi musu kaciya, ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Ya zo dubiya ya same mu, Malam durƙushe da tasa, Baba Saje ya juya fuska bango. Ya zauna ya ji yadda ake ciki, ya shafa gemu.

Ya ce, "Saje, na ga masu rowar hatsi, na ga masu rowar goro, amma ban taɓa ganin mai rowar lada ba sai kai. Shekara da shekaru kana kwashe ladar garin ga kai kaɗai, kabari kai, jinka kai. Yau Allah ya kawo wa yaron ga 'yar tashi, ka zauna bisa. Halan Aljannar kai ɗaya za ka shiga?"

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Gaya mai, Liman. Girman kai na, ya sa mai rigar bawa."

Ni dai na ɗauka Baba Saje zai yi tsawa, don na ga gashin bakinsa yana rawa. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, a Bama ya goyi mutane da yawa a bayansa, masu rai da waɗanda suka cika a hanya, amma shi ba a taɓa ɗaukarsa ba tun da uwarsa ta sauke shi. Ya ce bai san yadda ake yi ba. Sannu a hankali ya zaro ƙafar daga bargo ya miƙo, ya rufe fuskarsa da hula.

Daga cikin hular muka ji ya ce, "Malam, na ba Allah raina tun tuni, amma ban san har da ƙahwa za shi karɓa ba."

To, a nan aikin Malam ya fara, kuma gaskiya ba da jarumta ya fara ba. Mijina ɗan makaranta ne, hannunsa bai saba da komai ba sai alli. Yana kama kan tsutsar ya ji ta yi motsi, sai ya ajiye tsinke a hankali, ya ce mana yana zuwa, ya zagaya bayan danga. Duk muna jin abin da yake yi. Ya dawo idanunsa jawur, ya kurkure baki, ya sake durƙusawa. Ni ce mai riƙe ƙafa, ina kallon rufin zaure ina karanto duk addu'ar da na iya. Baba Saje yana daga cikin hula yana ba da oda: "Sannu, Malam. Hagu kaɗan. Tsaya nan!"

Kullum da hantsi muna can. Da tafiya ta yi tafiya Malam ya ƙware, har mutane suka fara kawo masa nasu, Fulani ma daga ruga. Wanda ya yi mafarkin wa'azi a birni sai ga shi an san shi har garin Matsinkai da sunan malamin kurkunu. Ya ce mini wannan ba ya cikin abin da aka koya musu, amma ya lura mutum ya fi sauraron magana in ƙafarsa tana hannunka, don ba shi da halin gudu.

Aka yi gayyar ma. Kiristoci da Musulmi suka taru, Liman da kansa ya ɗaure gindi, ni da Inna muka dama fura muka yi tuwo. Aka ɗauko Baba Saje a kan jaki aka ajiye shi a gindin kirya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya buɗe baki zai ce a bari, Inna ta harare shi, sai ya mai da ita, "Na gode." Da farko kalmar tana fita kamar ana cire masa haƙori. Kafin la'asar ta fara fita da sauƙi.

Ranar 'yanci ta zo, tsutsar ba ta gama fita ba. Mun ɗauka ya haƙura, sai ga Inna da sassafe ta ce mu zo mu ga ikon Allah. Muka same shi zaune cikin kakinsa, lambobi suna ƙyalli, ƙafa ɗaya cikin takalmin soja, ɗayar naɗe da tsumma. Jakin maƙwabta ya riga ya tafi da mai shi. Baba Saje ya dubi Malam, ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya.

"Malam, ina roƙon arziki. Ka kai ni."

Malam ya ɗora shi a bayan keke. Hanyar yawanci yashi ce da laka, ba ta tuƙuwa, sai turawa. Ni da Inna muna biye da ƙullin abinci. Muka iso wani rafi da ruwan ƙarshen damina ya cika, ya kai cinya. Malam ya tuɓe takalma ya ba ni tare da keken, ya tattare wando, ya duƙa. Baba Saje bai yi gardama ba, ya hau. Mijina siriri ne, tsohon kuwa ƙato, ƙafafunsa suna reto, ya ɗaga mai ciwon sama kamar tuta. Suna tsakiyar ruwa Malam yana tangaɗi, sai muka ji murya ta tashi: "Hagu! Dama! Hagu! Dama!" Masu wanki a bakin rafi suka saki kaya suna dariya, Inna ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Malam ya ce, "Baba, in ka sa ni dariya tare za mu sha ruwa." Ya ce, "Soja ba shi dariya bisa aiki. Hagu!"

Kafin mu isa an riga an ɗaga tuta, an gama jawabi, 'yan makaranta sun watse, makaɗa suna kwance ganguna. Na ji ba daɗi saboda shi. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce a tura shi gaban sandar tuta. Malam ya riƙe keke, tsoho ya miƙe ƙirji daga zaune ya sara, ya daɗe a haka, hawaye suna bin gashin bakinsa. Da ya sauke hannu ya waiwayi Inna ya ce, "To, yanzu mun yi daidai." Ta ce, "Ni dai na girme ka."

Muka ci abincinmu a inuwa, muka juyo da yamma. A wani wuri hanyar ta yi ƙarfi, Malam ya hau keken yana tuƙawa a hankali don kada ya bar mu. Ba a jima ba na ga kan Baba Saje ya langaɓe ya kwanta a gadon bayan mijina, hularsa ta karkace, yana minshari. Malam ya waiwayo ya yi mana alama mu yi shiru. Muka bi su a baya har muka hango hayaƙin ƙauyenmu.