Riƙon Tukunya a Layin Su Inna

Bana shekara bakwai da aka rufe Inna. Hajo ne sunanta, amma a tsohon garin Jega sai ka ce mai tuwon kifi kafin a gane wadda kake nufi. Ban iya rubutun ta'aziyya ba, kuma don Allah kada a zo ana ba ni haƙuri. Na yi shi har na gaji. Wata tambaya ce ta sa na ɗauki biro.

Kwanakin baya ina tasha, wani baƙo ya sauko daga mota ya ce, "Ƙanwata, ina ake cin abinci mai kyau a garin nan?" Kafin in buɗe baki wani ɗan kabu-kabu ya nuna masa bakin titi, inda sababbin gidajen abinci masu ƙofar gilashi suka jeru.  Da Inna na da rai, wannan tambayar ba ta da amsa biyu.

Layin su Inna lungu ne bayan tsohuwar kasuwa, rumfunan zana da langa-langa. Ita tana tuwon shinkafa da miyar kifin gulbi. Jikin rumfarta Iya Mulika ce, Bayarabiya mai amala da jar miya mai yajin da zai sa ka tuna laifuffukanka. Gaba akwai Bazabarma mai dambu da zogale, da wata 'yar Ibo mai sakwara da miyar agushi, sai matan Fulani a bakin lungu da ƙoren fura da nono. Ranar kasuwa masu albasa daga Aliero, direbobin Maiyama da dillalan shanu duk nan suke zubewa kan benci ɗaya. Inna ba ta riƙe baƙo da ƙarfi. Ta kan kalli mutum ta ce, "Kai idonka na amala ne, matsa gaba wurin Iya." Ni kuwa haushi ya kama ni, ina ganin ciniki na tafiya.

A layin nan babu mai takardar rumfa. Murhu shi ne shaida. In murhunki ya yi sanyi, kasuwa ta ci ta sake ci ba hayaƙi, masu kula da kasuwa sai su ba wani wurin. Shi ya sa matan suke da abin da suke kira riƙon tukunya. Wadda haihuwa ko ciwo ko rasuwa ta ɗauke, maƙwabciyarta za ta hura mata wuta. Kuma ƙa'idar ita ce, abincin mai rumfar za ki dafa, ba naki ba. Wanda ya zo neman amala ya tarar da amala, ko da kuwa ke ba ki taɓa tuƙa ta ba.

Da Inna ta kwanta ciwon ajali, Iya Mulika ce ta riƙe mata. Har bayan sadakar arba'in wutar ba ta mutu ba. Bayarabiya na tuwon kifi, yaji kamar ana faɗa, mutane na ci suna share hawaye, ba ka sanin na barkono ne ko na Inna. Ina makaranta lokacin, yayyena suka ce in ƙare karatuna, muka saki rumfar da hannunmu. Yau cajin waya ake yi a ciki.

Na kan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga Jega ta yau. Na san ba za ta zagi masu ƙofar gilashi ba. Za ta yafa mayafi ta je ta ɗanɗana soyayyiyar shinkafarsu, ta naɗe shawarma a leda ta kawo mana, ta ce a koyi abin koyo. Abu ɗaya ne zai ɗaure mata kai. Wani gidan cikinsu ya rufe da mai shi ya kwanta asibiti, na kusa da shi ya ƙaro kujeru. Inna za ta ce, "To wa ke riƙe wa wa?" 

Layin kansa ya zube. 'Yar Ibon ta koma garinsu, Bazabarma ta riga mu gidan gaskiya. Cikin na da, Iya kaɗai ta saura, sai Fulani da ke zuwa su tafi. Watan jiya hawan jini ya kayar da Iya, ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yanta na can kudu. Da na je duba ta, ba ta tambaye ni aikin ɗinkina ba, ba ta tambayi gida ba. Da bakinta a karkace ta ce, "Kulu, wuta ta mutu?"

Ta mutu kam. Har wani mai sayar da taki ya fara zagaya rumfar yana auna ta da ido. Na bi sababbin matan layin ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce ita ba ta iya abincin Yarabawa ba. Wata ta ce mene ne ma riƙon tukunya? Ban tsaya yi mata bayani ba, don da na tsaya da mun yi faɗa. Na rufe shagona, na karɓi makulli, na sayo itace da garin amala.

Ashe amala ba ta san zafin rai ba. Na zuba gari gaba ɗaya a tafasasshen ruwa, na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami, ta fito da gudaji kamar tsakuwa. Mai taki ya iso da wani daga masu kula da kasuwa. Mai kula da kasuwar ya kalli hayaƙi, ya kalle ni, ya ce, "Rumfag ga da mai ita." Suka juya.

Wanda ya fara zama kan benci Malam Bawa ne, wani tsoho mai albasa daga Aliero da na sani tun ina wanke wa Inna kwanuka. Ya kai loma, ya tauna, ya tauna.

"Ke ɗiyar Hajo, mi amalag ga ta yi miki?"

"Baba, in ba ta yi ba ga hanya nan, bakin titi ba nisa."

Ya yi dariya har da tari. Sai kuma ya kalli kwanon. Ya ce, "Sa'ad da mijin Iya ya rasu ta tahi garinsu takaba, ba a ma haihe ki ba, uwakki ta riƙe tukunyag ga. Wallahi tata ta hi wagga gudaji. Haka munka ci, munka ce ta ƙaro." Ya miƙo kwanon. "Ƙaro."

Na juya wajen murhu na yi ta hura wutar da ba ta bukatar huri, don hayaƙi ya ɗauki laifin idona.

Inna ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Rumfarta ta zama ta wani, hotonta ɗaya da muke da shi ya dushe, miyar kifinta kuwa ni da yayyena babu wadda ta gaje ta. Na daɗe ina ganin ta tafi da komai nata. Ashe ta bar mini gudaji. Allah Ya jiƙan ta, Ya ba Iya lafiya, ko da yake ban sani ba ko za ta sake riƙe muciya.

Shi kuma baƙon nan na tasha, in Allah Ya sa ya ga wannan rubutun, ga amsar da ban samu na ba shi ba. Ka wuce bakin titi, ka shiga lungun bayan tsohuwar kasuwa, ka bi hayaƙi. Amalar ba ta yi daɗi ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma rumfar ta Iya Mulika ce, kuma wutar na ci.