Burodi Mai Warin Fetur

Yayana direba ne tun kafin in iya ɗaurin ɗankwali. Ya ja tasi, ya ja bas, ya sha tsotsar fetur da tiyo har hancinsa ya mutu murus. Ko tukunya ta ƙone a gabansa, sai ya ga hayaƙi yake sani. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, na ba shi motar gidan burodina yana kai wa masu shaguna. Na ce zumunci ne, ashe wahala na saya.

Ba a jima ba aka fara dawo min da kaya. Wata mai shago ta dire min kwali a ƙofa. "Baiwar Allah, burodi kike gasawa ko gidan mai kika buɗe?"

Na sansana, kaina ya sara. Yaya ya gutsiri ɗaya, ya tauna, ya haɗiye. "Lafiyarsa ƙalau. Sharrin mata ne."

Na tasa shi gaba sai garejin bakanike. Mutumin ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito da wani baƙin gwangwani yana ɗigar mai. Ya ce gawayi ne a ciki. Fetur na tururi a cikin tanki, gawayin ya riƙe tururin, in an tada mota wani bawul ya buɗe, inji ya zuƙe ya ƙone. Tururi aka yi shi dominsa, ba ruwan mai ba. Yanzu ya jiƙe sharkaf, warin na bin ƙasan mota yana shiga inda kaya suke.

Bakanike ya dubi Yaya. "Baba, in famfon gidan mai ya tsaya da kansa, kana cewa a ƙara?"

"Har wuya," in ji Yaya, har da buga ƙirji. "Nakan ma jijjiga ta, ta samu wuri."

"Murfin tankin fa?"

Tsumma ne da leda! Wai murfin ya faɗi tun bara, bai ga abin faɗa ba.

Aka sa sabon gwangwani da murfi, aka duba tiyoyi. Bakanike ya ja masa kunne: famfo na tsayawa, a bar shi haka, a murɗa murfi sai ya yi ƙas. Yaya na ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Masu shaguna biyu kaɗai suka yarda su sake gwada ni, da roƙo da ban baki. Shi ya sa da safe na bi shi gidan mai. Famfo ya tsaya. Ina zaune a gaba sai na ji motar na rawa. Na leƙa, ga dattijo da furfurarsa ya sa kafaɗa yana turawa, yana ce wa mai zuba mai, "Ɗan ƙara, ɗana."

Na fito na zare makullin.

"Ke! Ni na goya ki fa."

"Ka goya ni, Yaya. Mutum shida ke ci a gidan burodin nan, har da matarka."

Ni na ja motar zuwa shagunan, yana gefe, ya juya min ƙeya. Yanzu a bakin tanda yake, yana ƙulla leda. Ba ya amsa gaisuwata, amma ba ya fashin zuwa.